Taswira da Mushen Motar Bakin Kwana

"Ni fa ko an ɗaure mini ido da baƙin ƙyalle, an jujjuya ni har na ga jiri, an jefar da ni a tsakiyar daji, ƙafata kaɗai za ta kawo ni ƙofar gidana. Hanyoyin ƙasar nan duk a cikin kaina suke kwance. Direbobi ni suke tambaya. Injiniyoyin da suka zuba kwalta ma, da sun nemi shawarata da ba su sha wahala ba."

Wanda ka ji yana wannan cika baki, abokina, shi ne Taswira. Kada ka tambaye ni wanda ya raɗa masa sunan. Shi ya raɗa wa kansa, ya kuma bi gari yana gyara wa mutane kira har sunan ya bi shi. Sana'arsa hayar lasifika. In kana da taro ka ɗauki lasifikarsa, to ka sani har da mai ita ka ɗauko, domin makirufo ba ya barin hannunsa sai batir ya mutu.

Garin nasu ɗan ƙarami ne, a kan tudu yake zaune, kuma jirgin ƙasa ne ya haife shi. A zamanin da jirgi ke shan ruwa, an kafa masa tanki a saman tudun. Yakan tsaya ya cika ciki, fasinjoji su sauko su miƙe ƙafa. Masu talla suka kafa rumfuna, rumfuna suka zama ɗakuna, ɗakuna suka zama gari. Daga baya jirgi ya daina jin ƙishirwa, sai ya riƙa wucewa a guje yana yi musu ihu. Daga baya ma ihun ya ɗauke. Da aka zo shimfiɗa babban titi kuma, sai aka bi da shi ta ƙasa, ya zagaye tudun ya yi gaba abinsa. Mutanen tudu suka koma 'yan kallo. Daga ƙofar gidajensu suna hango motoci na wucewa, amma babu mai hawowa sai wanda ya zame masa dole.

Shi ma wanda ya zame wa dolen sai ya yi da gaske, domin bakin hanyar da ta hau garin ba ya ganuwa daga titi. 'Yar kafa ce tsakanin ciyayi, in ka ƙifta ido ka wuce ta. Abin da ya cece su shi ne mushen wata babbar mota. Tun zamanin kakanni ta zo hawa tudun da kaya, ta yi tari, ta mutu a bakin kwanar, aka bar ta a nan. Tayoyinta sun nutse a ƙasa, jikinta ya yi jawur da tsatsa, awaki na haihuwa a ƙarƙashinta. To da ita ake kwatance. Yaro a garin nan kafin ya iya sunan ubansa ya iya cewa, "Ka miƙe har ka ga mushen mota, ka karya dama."

Gaba kaɗan a kan titin akwai wata kwanar, ita ma ta dama, wadda ta gangara garin maƙwabtansu da ke bakin rafi. Tsakanin 'yan tudu da 'yan gangare kuwa ba a ga-maciji. In ɗan tudu ya ce rana ta fito, ɗan gangare sai ya leƙa waje ya tabbatar.

Ana nan sai ga labari. Wani kamfanin manyan motocin safa yana neman zango guda a tsakiyar hanya, inda fasinjoji za su sauka su huta su yi sayayya. Manajar kamfanin da kanta za ta fito da sabuwar mota ta duba, kuma ta ce ba ta da lokacin yawo, gari ɗaya za ta shiga. Kwamitin ci gaban gari ya kira taro a tsohuwar tashar jirgi. Shugaban kwamitin, wani tsoho mai dogara sanda, ya ce duk wanda ya kawo motar nan kan tudu, shi ne shugaban tasha. Da ofis, da usur, da kujera mai juyawa.

Kujera mai juyawa! Nan take Taswira ya ji duwawunsa na ƙaiƙayi.

"Ku zauna ku huta," in ji shi, ya miƙe yana gyara makirufo. "Ni zan je birni in ɗauko matar nan da hannuna. Kafin mu iso na cika mata kunne da tarihin garin nan, har sai ta roƙe mu fili ta gina gida."

"Madalla," in ji Shugaba. "Amma da an kafa ɗan allo a bakin kwana, ko?"

"Allo? Baba, ina raye? Allo ai na garin da ba shi da mutum ne. Ni abin da ke hana ni barci shi ne mushen can. Baƙuwa ta taso daga birni da sabuwar mota, abu na farko da za ta gani a ƙofar garinmu gawar mota? Ai sai ta ce nan ne motoci ke zuwa mutuwa."

Wallahi maganar ta ɗan shiga jama'a.

"Za a jawo shi cikin gari," ya ci gaba, yana kaɗa yatsa. "A wanke shi, a shafa masa fenti, a girke shi a tsakiyar tasha. Jiya mushe, gobe kayan tarihi. Wannan shi ake kira basira."

Aka yi tafi. Taswira kuwa ba abin da ke narkar da shi kamar tafi. Ya koma gida ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa.

Ya tarar da matarsa a kan keken ɗinki. Tela ce, mace mai ƙarancin magana, amma in ta yi ta sai ka riƙe ciki. Tun kafin a ba shi muƙamin ya sa ta ɗinka masa rigar shugaban tasha, mai aljihu huɗu da jan ƙyalle a kafaɗa, ita take haɗawa.

"Baban yara," ta ce, ba ta ɗago kai ba, "na ji wai za ka ɗauke mushen bakin kwana."

"Kin ji daidai."

"To da me za a riƙa gane kwanar?"

"Da ni."

"Kai za ka kwanta a wurin awaki su haihu a ƙarƙashinka?"

"Ke dai ki kula da maɓallai. Harkar sufuri ba ta masu zare da allura ba ce."

Ta ciji zare ta ce, "Allah ya ba da sa'a."

Ranar tafiya da safe, Taswira ya gangaro a bayan babur, riga sai ƙyalli take. Ya tarar da mai taraktar da ya yi haya don jan mushen a bakin kwana da sarƙa a hannu, yana zagaya mushen yana girgiza kai.

"Maigida, abin nan fa ya yi saiwa. Anya zai hau tudun nan?"

"Zai hau. Ka ce masa ni na ce. Kafin in dawo in same shi a tasha yana sheƙi." Ya daki kafaɗar ɗan acaɓa. "Mu je, ana jira na a birni."

Abin da ya faru bayan tafiyarsa, bari in gaya maka, domin shi bai sani ba. Mai tarakta ya ɗaura sarƙa ya ja. Mushe ya yi wata ƙara mai tayar da tsigar jiki, ya tumɓuko daga ƙasa, awaki suka watse. Da aka fuskanci tudu sai tarakta ta ɗaga ƙafafun gaba sama tana neman kifewa. Mutumin ya ce a ransa, wannan sai da gudu daga nesa. Ya ja mushen a kan kwalta yana neman fili mai faɗi da zai juya ya taho da ƙarfi. Babu wani fili sai bakin kwanar gangare. Yana cikin juyawa, sarƙa ta ce tas! Ya sauko, ya sosa ƙeya, ya hau taraktarsa ya tafi neman mai walda. Mushe ya zauna daram a kwanar 'yan gangare kamar a nan aka haife shi.

A birni kuwa Taswira ya ga mota ya kusa yin kuka. Doguwa, fara sol, da labule a kowace taga, sanyi na fita daga rufi. Manajar mace ce mai tabarau, waya a hannu, ba ta da lokacin dariya sosai. Daga ita sai direba da ma'aikata 'yan kaɗan.

"Kai ne jagoran?" ta tambaya.

"Ranki ya daɗe, jagora ai ƙaramin suna ne. Taswira ake ce mini."

Direba ya leƙo. "Malam, yaya hanyar take?"

To a nan ne fa, abokina. Harshen da ya saba da abu tun yana shan nono ba ya neman izinin ƙwaƙwalwa. Taswira na can yana shafa kujera yana jin laushinta, bakinsa ya buɗe da kansa:

"Ka miƙe har ka ga mushen mota, ka karya dama."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ko makaho ya kai ka."

Mota ta ɗau hanya. Aka nuna wa Taswira kujerar gaba, ya ce a'a, mai ba da tarihi ba ya zama. Ya tsaya kusa da direba, ya juya wa gilashin gaba baya, ya fuskanci Manaja, ya rataya 'yar lasifikarsa a kafaɗa.

"Malam, ina jin ka ba sai da wannan ba," in ji ta.

"Ranki ya daɗe, tarihi ba ya fita da kyau sai ta lasifika."

"To ba za ka riƙa duba hanya ba?"

"Da ƙeya nake ganin ta."

Ya fara. Ya ce kakansa ne ya tsayar da jirgin farko da hannu ɗaya, don kawai yana son ya tambayi direban ƙarfe nawa, daga ranar jirgi bai ƙara wucewa ba sai ya tsaya ya gaishe shi. Ya ce tankin ruwan garinsu, wani yaro ya taɓa faɗawa ciki, kafin ya yi iyo ya kai ɗaya gefen ya fito da gemu. Ya ce tudun nasu don tsawo, tsuntsaye sai sun yada zango a rabin hanya, mata kuma in za su yi shanya sai sun kori gajimare. Ma'aikatan suna ta ƙyaƙyata dariya. Shi kuwa ya ɗauka sha'awa ce, ya ƙara murya.

"An ce mini akwai wani garin kusa da ku, su ma suna so," in ji Manaja.

"Kada ki ɓata bakinki, ranki ya daɗe. Wannan ba gari ba ne, kuskure ne. Ki bari mu isa, zan ba ki labarinsu ki yi dariya har tabarau ya faɗi."

Yana cikin haka motar ta zo daidai 'yar kafar nan ta tsakanin ciyayi, ta wuce fuu. A can saman tudu, mutanen gari sun taru a tasha tun hantsi, sun share fili, sun yayyafa ruwa, yara sun yi wanka. Suna hango farar motar tana tahowa, suka ɗau sowa. Suna hango ta ta wuce kwanarsu, sowar ta rage. Suna hango ta ta karya ta gangara garin maƙwabta, sai ka ce an yi ruwa an ɗauke. Shugaba ya ɗaga sandarsa ya ce a fito da duk abin da ke da taya.

Taswira bai san wainar da ake toyawa ba. Abin da ya ji kawai shi ne motar ta karya dama, sai ya yi murmushi.

"Kin gani? Ƙeyata ta gaya mini mun shigo hanyarmu. Yanzu ki riƙe kujera, akwai 'yan ramuka."

Shiru, babu rami ko ɗaya. Mota na tafiya sumul.

"Hanyarku tana da kyau," in ji Manaja.

Taswira ya yi mamaki a ransa. Kai, lalle kwamiti ya yi aiki yau da safe! "Ni na sa aka gyara," ya ce.

"Amma kamar gangarawa muke yi. Ba ka ce tudu ba ne?"

"Haka mota mai tsada take, ranki ya daɗe. In tana hawa sai ki ji kamar sauka take."

Direba ya dube shi ta gefen ido. Jim kaɗan ya taka birki, ƙofa ta yi tsaki ta buɗe. Taswira ya gyara aljihunsa huɗu, ya ware hannu, ya juya da ƙarfi.

"Barka da zuwa ga..."

Sauran maganar ta maƙale. Ga rafi. Ga rumfunan kasuwa a jere. Ga fili shimfiɗe babu ko ɗan tudun tururuwa. Ga kuma Barkono, shugaban 'yan tashar gangare, ɗan gajere mai zafin baki, tsaye a ƙofar mota da baki buɗe. Taswira ya gane garin 'yan gangare aka shigo. A lokacin ne ya tuna da mushe, ya tuna da tarakta, ya tuna da abin da bakinsa ya gaya wa direba. Gumi ya karyo masa duk da sanyin motar.

Ya yi tsalle ya sauka kafin kowa, ya ja Barkono gefe.

"Ka rufa mini asiri, don Allah," ya ce da raɗa.

"Me ya kawo ka da wannan amaryar mota?"

"Manajar kamfanin ta ɗauka nan ne garinmu."

Barkono ya dubi motar, ya dubi Manaja da ke saukowa, ya dubi rigar mai jan kafaɗa. Fuskarsa ta washe a hankali har kunne.

"Haba, ɗan'uwa! Asirinka a rufe yake. Ai kai ɗan gari ne." Ya juya ya ɗaga murya. "Jama'a, ku fito! Ɗanmu ya kawo mana baƙi!"

Kafin ka ce kwabo kasuwa ta watse ta dawo bakin mota. Magana ta zagaya daga kunne zuwa kunne, kowa na danne dariya. Wata tsohuwa ta rungume Taswira tana cewa ita ta yi goyonsa. Wani mahauci ya ce ajinsu ɗaya a makaranta, kuma tun a lokacin ba ya jin magana.

Taswira ya yi lissafi. In ya faɗi gaskiya yanzu, matar nan za ta ce wa direba ya juya, tudu ya rasa, kujera ta tafi. Amma in ya daure ta amince da "garin Taswira", gobe sai ya koma birni ya karkato da motar kan tudu, ya ce musu wancan ƙofar baya ce aka shigo da su. Kai, basira dai ba ta ƙarewa! Ya ji ƙarfinsa ya dawo.

"Bismilla, ranki ya daɗe, mu zagaya."

Manaja ta dubi gabas ta dubi yamma. "Ina tudun?"

"Tudun... ai yawan baƙi ne ya danne shi. Da can ya fi haka."

"Ƙwarai," in ji Barkono. "Bara ma da ɗan saura."

"Layin dogon fa?"

"Mun naɗe shi mun ajiye a ɗaki saboda ɓarayi."

"Tankin da yaro ya fito da gemu?"

Taswira ya waiga neman taimako. Barkono ya nuna mahaucin nan mai gemu har ƙirji. "Tankin an kai gyara, amma ga yaron nan."

Jama'a suka fashe. Ita kanta Manaja sai da ta cire tabarau ta goge ido.

"Malam Taswira," ta ce, "ni motata ba ta hawa tarihi. Fili nake so da za ta juya, da ruwa, da inuwa, da wurin da fasinja zai kama ruwa. Ina makewayin kasuwa?"

"Ga shi can," ya ce da gadara, ya nuna wata ƙofa mai shuɗin labule.

Labulen ya ɗaga, wanzami ya leƙo da aska a hannu. "Uban wa ka ce?"

"Tsohon wurin yake nufi," in ji Barkono da sauri. "Ya daɗe a birni, gari ya ci gaba a bayansa. Ta nan, ranki ya daɗe. Ɗan'uwa, gaya mata yadda rijiyarmu take."

Haka fa aka yi ta jan Taswira lungu-lungu. Rijiyar da ya shekara yana cewa kwaɗi ma ƙyamarta suke, yau da bakinsa ya ce ruwanta ya fi na roba. Kasuwar da yake kira juji, yau ya rantse babu irinta daga nan har bakin teku. Duk inda ya yi sanyi, Barkono ya zungure shi da gwiwar hannu ya ce, "Ƙara murya, ɗanmu, na baya ba sa ji." Yana yabo zuciyarsa na tafasa, amma yana lallashin kansa da cewa gobe ma rana ce ta aiki, zai gyara komai.

Aka dawo bakin mota. Manaja ta hau matakalar ƙofa ta ɗaga hannu.

"Na gani, na gamsu. Nan ne zango. Direba ya riga ya sa alamar wurin a waya ya tura ofis, kuma na kira magina, da safe za su zo su zuba siminti. Wa zai riƙe tashar?"

"Barkono!" in ji kasuwa gaba ɗaya.

Taswira ya zaro ido. Waya? Siminti? Ashe goben da yake taƙama da ita ta mutu tun kafin ta zo. Kujera mai juyawa ta juya ta ba shi baya. Baƙin ciki ya kama shi, ya ji hawaye na neman zubowa a kan sabuwar riga.

"Saura alkawarinka," in ji Manaja tana murmushi. "Ka ce in mun iso za ka ba ni labarin maƙwabtan nan naku."

"Labari! Labari!" in ji 'yan gangare, suna buga ƙafa.

Wani mai hankali da sai ya ce kansa na ciwo. Amma Taswira sai ya ji wata sabuwar dabara ta faɗo masa. Af! Ai maƙwabtan da yake nufi su ne waɗannan da ke tsaye a gabansa. Zai zage su tas a tsakiyar kasuwarsu, da lasifika, su kuma su yi masa tafi ba su sani ba. Ko ba kujera, ya rama. Ya haye kan wani benci, ya ba titi baya, ya murɗa lasifika har ƙarshe.

"Maƙwabtanmu?" ya ce. "Ranki ya daɗe, mutanen nan in kin ga ƙeyarsu kin ga hankalinsu!"

Tafi ya tashi raf-raf-raf.

"Garin da ko akuya ta kwana sai ta nemi gafarar Allah da safe!"

Ihu. Barkono ya riƙe ciki ya durƙusa.

"Shugabanninsu in sun yi taro, wanda ya fi kowa wauta shi suke tura wa aiki!"

Nan fa wasu suka faɗi ƙasa suna birgima. Taswira ya ga yadda maganarsa ke aiki, daɗi ya kwashe shi, ya manta da baƙin ciki, ya manta da inda yake. Tafi ya yi yawa har bai ji ƙarar baburan da suka tsaya a bayansa ba. Bai ji kekuna ba, bai ji amalanken da aka turo Shugaba a ciki ba. Bai lura cewa 'yan gangare sun daina kallonsa ba, bayansa suke kallo, dariyarsu kuma ta ninka.

"In taƙaice miki, ranki ya daɗe," ya ƙwala da dukkan ƙarfinsa, "a garin nan akwai ƙaton mutum mai iyali, da rana tsaka, ido biyu, wanda ba ya gane hanyar gidansa!"

Ya tsaya yana haki, yana jiran tafi. Sai ya ji an yi gyaran murya a bayansa, irin ta tsoho mai sanda. Ya waiga a hankali. Ga tudu kaf, maza da mata da yaran da suka yi wanka, sun yi cirko-cirko. Ga Shugaba a cikin amalanke, riƙe da sandarsa. Ga matarsa a gaba, da tef ɗin awo rataye a wuya.

"Su kuma waɗannan fa?" in ji Manaja.

"Maƙwabtan ne, ranki ya daɗe," in ji Barkono yana share hawaye. "Maganarsu ake yi."

Manaja ta ɗan ji kunya. Ta dubi matar mai tef ɗin awo. "Baiwar Allah, ku yi haƙuri, raha ce. Amma don Allah, da gaske akwai irin wannan mutumin a garinku?"

Matar ta tako har gaban benci. Ta kama hannun rigar mai jan kafaɗa, ta jawo shi ƙasa har makirufon ya zo daidai bakinta.

"Bai yi ƙarya ba, Hajiya," ta ce, kasuwa duk tana ji. "Amma guda ɗaya ne tak muke da shi. Shi muka zo ɗauka."